Kofin Zakarun Afirka da Asiya: Gasar da Ƙuri'ar Zurich Ta Kashe

Ranar Lahadi, 12 ga watan Disamba na shekarar 2004, a babban filin wasa na ƙasa da ke Abuja, wanda duk mai shigowa birnin daga filin jirgin sama yake hange a kusa da ƙofar gari, wanda aka gina domin wasannin Afirka na 2003, kuma daga baya aka raɗa masa sunan Moshood Abiola, ƙungiyar Enyimba ta garin Aba ta karɓi baƙuncin Étoile du Sahel ta Tunisiya a karo na biyu na wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka. Mako guda kafin nan an ci Enyimba 2 da 1 a birnin Susa, ita kuma a Abuja ta rama da 2 da 1, har mai tsaron gidanta Vincent Enyeama ne ya fito daga ragarsa ya ci ƙwallon farko da bugun fenariti. Da al'amarin ya kai ga a raba gardama da bugun daga kai sai mai tsaron gida, sai koci Okey Emordi ya fitar da Enyeama ya sa Dele Aiyenugba, aka tashi 5 da 3, kofi ya zauna a Nijeriya shekara ta biyu a jere. Tun da TP Englebert ta Kwango, wadda yau ake kira Mazembe, ta yi haka a 1967 da 1968, babu wata ƙungiya a faɗin nahiyar da ta sake riƙe wannan kofi sau biyu ba tsallake kafin Enyimba.

Abin da jama'a da yawa ba su lura da shi ba a wannan dare, saboda murna ta rufe ido, shi ne cewa ƙungiyar da ta gagari Afirka shekara biyu ba ta da inda za ta kai wannan ƙarfi nata a wajen Afirka. Da a ce nasarar ta zo shekaru goma kafin nan, da akwai wani wasa yana jiranta, wanda a cikinsa zakaran Afirka yake gamuwa da zakaran Asiya a ga wanda zai ɗauke kofin nahiyoyin biyu. Kuma da yake Al-Ittihad ta Jidda ce ta ci kofin Asiya a 2004, Al-Ain ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma ta ci na 2003, da sai mutanen Abuja su ga ƙungiyar garin da alhazanmu suke sauka ta zo wannan filin, 'yan Nijeriya mazauna Hijaz kuma su ga tasu ta je can. Amma an riga an binne wannan gasa tun shekara huɗu da suka wuce, kuma ba a filin ƙwallo aka yi mata rauni ba. Tarihinta ne nake so in shimfiɗa wa mai karatu, domin yana ɗauke da bayanin yadda siyasar manya take hana ƙananan ƙungiyoyi rabonsu, kuma domin Nijeriya tana cikin waɗanda asarar ta fi shafa, alhali kuwa ko sau ɗaya ƙungiyarmu ba ta taɓa taka wasan ba.

Asalin irin wannan wasa ba mai wuyar fahimta ba ne. Idan gasa biyu suka ƙare, kowace ta fitar da gwaninta, sai sha'awar sanin wanda ya fi a tsakanin gwanayen biyu ta taso, sai a shirya musu karo ɗaya ko biyu a ba wanda ya yi rinjaye kofi na musamman. Turai da Kudancin Amurka su ne suka fara a 1960, lokacin da Real Madrid ta gamu da Peñarol ta Uruguwe, kuma daga 1980 kamfanin Toyota ya ɗauki nauyin wasan ya mai da shi Tokyo, inda ake kiran wanda ya ci zakaran duniya, kamar dai babu wasu nahiyoyi a bayan ƙasa sai waɗannan biyu. Wannan wariya ba sabuwa ba ce ga mutanen Afirka da na Asiya. A gasar cin kofin duniya ta 1966 gurbi ɗaya tak aka ware wa Afirka da Asiya da yankin Ostireliya baki ɗaya, har ƙasashen Afirka suka ga wulaƙancin ya yi yawa suka ƙaurace wa gasar gaba ɗayansu. Tun daga taron Bandun na ƙasar Indunusiya a 1955, inda shugabannin nahiyoyin biyu suka zauna suka yi mubaya'a a kan ƙin mulkin mallaka, akwai wani tunani mai ƙarfi a zukatan 'yan boko da 'yan siyasa cewa Afirka da Asiya 'yan'uwan juna ne a wahala, kuma ya kamata su zama 'yan'uwa a mu'amala. Hukumar ƙwallon Asiya an kafa ta a Manila a 1954, ta Afirka, wato CAF, a Hartum a 1957, kuma kowacensu ta tashi da wannan ɗacin a bakinta.

Sai dai niyya daban, iko daban. Afirka ta fara gasar zakarun ƙungiyoyinta tun tsakiyar shekarun 1960, Oryx ta Duwala ta fara ci, kuma gasar ta ɗore. Ta Asiya kuwa ta fara a 1967, ta tsaya cik bayan 1971 saboda rigingimun siyasa da tsadar tafiye-tafiye, ba ta farfaɗo ba sai kakar 1985 zuwa 1986. Farfaɗowar nan ce ta buɗe hanya. A watan Janairun 1987, a birnin Riyad na Saudiyya, aka yi karon farko na Kofin Zakarun Afirka da Asiya, tsakanin FAR ta Rabat, ƙungiyar sojojin Maroko da ta ci kofin Afirka a 1985, da Daewoo Royals ta Koriya ta Kudu, kuma Koriyawa suka ci 2 da nema. Shekara ta zagayo, Zamalek ta Masar ta rama wa Afirka a Alƙahira, ta ci Furukawa ta Japan 2 da nema. Daga nan aka bar tsarin wasa ɗaya aka koma gida da waje, Al-Ahly ta Masar ta doke Yomiuri ta Japan a Tokyo da Alƙahira duka.

Mai karatu zai lura da cewa sunayen ƙungiyoyin Asiya na wancan zamani sunayen kamfanoni ne, kuma wannan abu ba baƙo ba ne ga wanda ya san ƙwallon Nijeriya na shekarun 1980. Daewoo kamfanin motoci da jiragen ruwa ne, Furukawa na wayoyin lantarki, Yomiuri gidan jarida ne, Pohang da za mu ambata nan gaba ta kamfanin ƙarfe ce, kamar yadda mu ma muka yi Leventis United da Abiola Babes da New Nigerian Bank da BCC Lions ta kamfanin siminti na Gboko, da DIC Bees ta masana'antar kayan soja ta Kaduna wadda ta koma Ranchers Bees. Bambancin da ya bayyana daga baya shi ne, Koriya ta kafa gasar ƙwararru tun 1983, Japan ta kafa tata a 1993, suka mai da ƙungiyoyin kamfanoni ƙungiyoyin garuruwa masu tsari da lissafi, mu kuwa da masu kuɗin suka gaji suka janye hannu, sai yawancin ƙungiyoyinmu suka faɗa hannun gwamnatocin jihohi, suna ƙoshi in gwamna mai son ƙwallo ne, suna yunwa in ya sauka.

A karo na huɗu ne Nijeriya ta tsaya a bakin ƙofa. A 1988 Iwuanyanwu Nationale ta Owerri ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka, ta ci Entente ta garin Setif na Aljeriya 1 da nema a gida, jama'a suka fara lissafin cewa kofin da ya kuɓuce wa Rangers ta Enugu a 1975 da Shooting Stars ta Ibadan a 1984 ya kusa isowa. Amma da aka je Kusantina aka yi mata 4 da nema. Wani abin mamaki kuma, ita Setif ɗin a lokacin tana rukuni na biyu ne a gasar ƙasarta, ga ta kuma zakarar nahiya. Ita ce ta tafi ta gamu da Al-Sadd ta Ƙatar, ta ci gida ta ci waje, jimilla 5 da 1. A wannan shekarar ta 1988 ɗin ce kuma Ranchers Bees ta Kaduna ta sha kaye a wasan ƙarshe na kofin masu cin kofi a hannun Bizerte ta Tunisiya, sa'an nan ta huce da kofin Afirka ta Yamma a 1989. Tsofaffin 'yan kallo na Kaduna da Zariya ba su manta da wannan zamani ba, kuma suna da hujja.

Daga nan cutar da ke jikin gasar ta fara nuna kanta. Shekara biyu a jere, 1990 da 1991, ba a yi wasan ba: Raja ta Kasabalanka ba ta gamu da Liaoning ta Sin ba, JS Kabylie ta Aljeriya ba ta gamu da Esteghlal ta Iran ba. Wanda ya dubi taswira zai gane dalili tun kafin a gaya masa, domin daga gaɓar Maroko zuwa arewa maso gabashin Sin tafiya ce ta kusan rabin duniya, kakar wasan ƙasashen ba ɗaya ba ce, kuma babu wani babban kamfani da ya tsaya wa wannan kofi tsayuwar da Toyota ta yi wa na Turawa. Shi ya sa ma a yawancin shekarun, wasan da ke ɗauke da sunan wata shekara sai an shiga ta gaba ake yin sa, bayan 'yan wasan da suka ci kofin nahiya wasunsu sun riga sun watse.

Duk da haka, daga 1992 zuwa 1998 gasar ta samu shekaru bakwai na kwanciyar hankali, kuma su ne mafi kyawun zamaninta. Club Africain ta Tunisiya ta fitar da Al-Hilal ta Riyad, Wydad ta Kasabalanka ta fitar da PAS ta Tehran. A 1994 aka ga abin da ba wanda ya zata, domin Zamalek, wadda ta ci kofin Afirka na 1993 da taimakon ɗan Nijeriya Emmanuel Amunike, ta gamu da ƙungiyar wani bankin manoma na ƙasar Tailan, Thai Farmers Bank, ta ci 2 da 1 a Masar, aka ci ta 1 da nema a Bankok, kofi ya tafi Tailan bisa ƙa'idar fifita ƙwallon da aka ci a gidan abokin hamayya. Wannan ƙungiya ta ma'aikatan banki ta ci kofin Asiya sau biyu a jere, Espérance ta Tunis ta sauke mata girman kai a karo na gaba, sa'an nan karayar tattalin arzikin da ta auka wa gabashin Asiya a 1997 ta taɓa bankin, bayan 'yan shekaru aka rushe ƙungiyar. Ƙarshenta bai yi nisa da ƙarshen Leventis da Abiola Babes ba.

Sau ɗaya tak wata ƙungiya daga kudu da Sahara ta shiga wannan wasa, ita ce Orlando Pirates ta Afirka ta Kudu, zakarar 1995, kuma ba ta ji daɗin shigar ba, domin bayan an tashi canjaras babu ci a karo na farko, Ilhwa Chunma ta Koriya ta zuba mata 5 a na biyu. Wadda za ta zama ta biyu ita ce Shooting Stars. A 1996 ta ci Zamalek 2 da 1 a Ibadan, Zamalek ta ci ta 2 da 1 a Alƙahira, aka je fenariti, Misirawa suka tsira da 5 da 4. Bugu ɗaya ne ya raba Ibadan da tafiya Koriya. Zamalek ce ta je ta gamu da Pohang Steelers, ta ci kofin a karo na biyu, da irin ƙa'idar nan ta ƙwallon waje da aka fitar da ita da ita shekara uku baya. Raja ta rufe littafin, ita ma a kan Pohang, 2 da 2 a Koriya, 1 da nema a Kasabalanka, a wasan 1998 wanda aka buga a 1999. Jimilla an yi gasar sau goma sha ɗaya, Afirka ta ci takwas, Asiya uku, kuma duk takwas ɗin nan ƙungiyoyin Masar da Magrib ne suka ci su. ASEC ta Abijan, wadda ta ci kofin Afirka a 1998, ita ce za ta fara wakiltar Afirka ta Yamma, amma wasanta bai taɓa yiwuwa ba.

Ya kamata a ambata cewa wannan kofi yana da ɗan'uwa na ƙungiyoyin ƙasashe, kuma a can ne Nijeriya ta samu rabonta. Bayan Super Eagles ta ci kofin Afirka a Tunisiya a 1994, ita kuma Uzbekistan ta ci zinariyar wasannin Asiya a Hiroshima a shekarar, aka haɗa su a ƙarshen 1995. Nijeriya ta je Tashkent, babban birnin ƙasar da ta haifi Imamul Buhari da Imamut Tirmizi, waɗanda almajiranmu suka fi sanin sunayensu fiye da sunan ƙasar tasu ta yau, ta ci 3 da 2, ta dawo Legas ta ƙara da 1 da nema. Wannan ita ce irin fa'idar da nake gani a gasar, cewa tana haɗa jama'o'in da tarihi da addini da fatauci suka daɗe da haɗawa, amma waɗanda a zamanin nan ba su ganin juna sai ta tagar Turai.

Yanzu sai mu zo ga ajalinta. A ranar 6 ga Yulin shekarar 2000, kwamitin zartarwa na hukumar FIFA mai mutum 24 ya zauna a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan domin zaɓen ƙasar da za ta ɗauki baƙuncin kofin duniya na 2006. Masu nema huɗu ne suka rage bayan Barazil ta janye: Jamus, Ingila, Maroko da Afirka ta Kudu. Afirka ba ta taɓa ɗaukar wannan baƙunci ba tun da aka fara gasar a 1930, Nelson Mandela ya sa girmansa a cikin neman, shugaban FIFA Sepp Blatter ya sha faɗa a bainar jama'a cewa lokacin Afirka ya yi. Maroko ta fita a zagayen farko, Ingila a na biyu, inda Jamus da Afirka ta Kudu suka yi kunnen doki, 11 da 11. Lissafin da kowa yake yi shi ne, a zagaye na uku za a tashi 12 da 12, shugaba ya raba gardama da ƙuri'arsa, kuma an san inda za ta faɗa. Sai wakilin yankin Oshiyaniya, dattijo Charlie Dempsey na ƙasar Niyu Zilan, wanda yankinsa ya umarce shi da ya bi Afirka ta Kudu in Ingila ta fita, ya ƙi jefa ƙuri'a, yana cewa matsin da aka yi masa ya fi ƙarfinsa. Aka tashi 12 da 11, Jamus ta ci.

Duniya ta fi riƙe sunan Dempsey, amma shugabannin ƙwallon Afirka ba shi kaɗai suka tuhuma ba. Turai tana da kujeru takwas a kwamitin, kuma takwas ba su kai goma sha biyu ba. Cikon ya zo ne daga wakilan Asiya huɗu, na Koriya ta Kudu da Ƙatar da Saudiyya da Tailan, waɗanda suka mara wa Jamus baya. Asiya tana da nata ƙorafin, kuma adalci ne a faɗe shi. Shekara guda kafin nan wakilanta sun fice daga babban taron FIFA a Los Angeles saboda ƙarancin gurabun da aka ba nahiyarsu a kofin duniya na 2002, wanda a gidansu za a yi, kuma Turai ce ta kwantar da rikicin da ta amince wata ƙasarta ta yi wasan raba gardama da ƙasar Asiya a kan gurbi ɗaya, wasan da Ailan da Iran suka buga a 2001. Masu sharhi da yawa sun ɗauki ƙuri'ar Zurich a matsayin biyan wannan bashi. Daga baya, a 2015, mujallar Der Spiegel ta Jamus ta fito da zargin wani ɓoyayyen asusu na Yuro miliyan 6.7 da ya shafi neman baƙuncin. Binciken da hukumar ƙwallon Jamus ta sa aka yi bai samu hujjar sayen ƙuri'a ba, bai kuma iya kore yiwuwar hakan ba.

A wurin CAF, ƙarƙashin shugabancin Isa Hayatu, ɗan gidan sarautar Garwa ta arewacin Kamaru, wannan cin amana ne daga ɗan'uwa, kuma cin amanar ɗan'uwa ya fi na bare ciwo. Ranar 30 ga Yulin 2000, kwana ashirin da huɗu bayan zaɓen, hukumar ta yanke hukuncin dakatar da wasannin da ke tsakaninta da Asiya, na ƙungiyoyi da na ƙasashe duka.

Ba na ganin laifin fushin. Wanda ya tuna yadda aka daɗe ana gaya wa Afirka cewa ba ta shirya ba, ya kuma ga cewa waɗanda suka sha irin wannan raini tare da ita su ne suka ba da cikon ƙuri'ar da aka kayar da ita, ba zai ce shugabanninta su haɗiye ba tare da sun nuna ba. Kuma hayaniyar da ta biyo bayan zaɓen tana cikin abin da ya sa FIFA ta ɗauki tsarin karɓa-karɓa tsakanin nahiyoyi, har a ranar 15 ga Mayun 2004 aka ba Afirka ta Kudu baƙuncin 2010. Abin da nake ganin kuskurensa shi ne inda aka sauke hukuncin. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa ba a gusar da cuta da cuta irinta, kuma ba a kama wani da laifin wani. Mutum huɗun da suka jefa ƙuri'a ba su rasa kome ba da mutuwar wannan kofi. Ƙungiyoyin Asiya kuwa suna da kuɗi, kuma ba a daɗe ba suka sake fasalin gasarsu a 2002 suka ci gaba da harkarsu. Waɗanda suka yi asara su ne ƙungiyoyin Afirka, musamman na yammacinta, waɗanda ƙaddara ta sa lokacin tashinsu ya zo daidai da rufe ƙofar: ASEC a 1998, Hearts of Oak ta Ankara a 2000, Enyimba a 2003 da 2004. An yi fushi da maƙwabci ne aka toshe rijiyar da 'ya'yan gida suke sha.

Abin da ya ƙara wa Enyimba rashin sa'a shi ne, ɗaya ƙofar ma a rufe take a shekarunta. FIFA ta fara gasar ƙungiyoyi ta duniya a Barazil a Janairun 2000, Raja ta wakilci Afirka har ta gwabza da Real Madrid. Aka shirya ta biyu a Sifaniya a 2001, sai kamfanin ISL mai tallata wasannin hukumar ya karye, aka soke. Ba a dawo da gasar ba sai Disambar 2005 a Japan, shekara guda cif bayan wasan Abuja, lokacin da kofin Afirka ya riga ya koma hannun Al-Ahly. Wato ƙungiyar da Kadiri Ikhana ya kai ta ta doke Ismaily ta Masar a 2003, wadda ta ci kofin gwanayen Afirka sau biyu a Aba, a kan Étoile a 2004 da Hearts of Oak a 2005, ta yi mulkinta ne a cikin 'yan shekarun nan da babu kofin Afirka da Asiya, babu kuma na duniya. Irin wannan wasa ba ado ba ne kawai ga ƙungiya. A nan ne 'yan wasa suke samun masu saye da daraja, masu talla suke sanin sunan gari, shugabannin ƙungiya kuma suke ganin yadda wasu suke tafiyar da al'amuransu. Enyimba ba ta samu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba daga wajen nahiya.

Ko bayan an huce, kofin ƙungiyoyin Afirka da Asiya bai dawo ba; a 2005 Al-Ahly da Al-Ittihad sun haɗu ne a Tokyo a gasar duniya, inda Al-Ittihad ta ci 1 da nema. Na ƙasashe an sake yin sa sau ɗaya a 2007, Japan ta ci Masar 4 da 1, daga nan shi ma ya yi shiru.

Sau ɗaya aka sake kusantar ƙofar daga Nijeriya, kuma a wannan karon Arewa tana ciki. A 2009 Kano Pillars, Sai Masu Gida, ta fitar da Al-Ahly mai riƙe da kofi, 1 da 1 a Kano, 2 da 2 a Alƙahira, abin da har yau ake labarinsa a majalisun Sabon Gari da Fagge, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tare ta. Heartland ɗin nan kuwa ita ce tsohuwar Iwuanyanwu Nationale da ta sauya suna. Ta ci Mazembe 2 da 1 a Owerri, aka ci ta 1 da nema a Lubumbashi, ƙa'idar ƙwallon waje ta ba Mazembe kofi. Da Mazembe ta isa Abu Dabi gasar duniya, wadda ta tarar tana jiranta a wasan farko ita ce Pohang Steelers, ƙungiyar nan da ta buga wasanni biyu na ƙarshe na tsohon kofin. Koriyawa suka ci 2 da 1. Shekara ta gaba Mazembe ta koma ta doke Internacional ta Barazil ta kai wasan ƙarshe, ta zama ƙungiya ta farko daga wajen Turai da Kudancin Amurka da ta yi haka.

Tun 2024 FIFA ta sake fasalin gasarta ta shekara-shekara, ta sa a cikinta wani mataki da zakarun Afirka da Asiya da Oshiyaniya suke fafatawa a kan kofi nasu na kansu, kuma a watan Oktoban shekarar Al-Ahly ta ci Al-Ain 3 da nema a Alƙahira ta ɗauka. Ba tsohuwar gasar ce ta dawo ba, domin wancan yarjejeniya ce tsakanin nahiyoyi biyu da suka ga maslahar su haɗu da kansu, wannan kuwa zango ne a kan hanyar zuwa gamuwa da zakaran Turai, wanda yake zaune yana jira a wasan ƙarshe. Amma sharaɗin shiga bai sauya ba, sai wanda ya ci kofin zakarun Afirka, kuma tun bayan tafiyar Heartland a 2009 babu ƙungiyar Nijeriya da ta sake kaiwa wasan ƙarshe na wannan gasa, yayin da gidajen kallon ƙwallo na Nyanya da Kubwa da Mararaba suke cika maƙil duk Asabar da matasan da suka haddace sunayen 'yan wasan Arsenal da Barcelona har da na benci.